Amsar Kawu daga Bronx kan Makaɗin Filin Besbol

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, da fatan Hajiya da ƙannenka suna lafiya. Ka ce ka ga yadda Amurkawa suka yi jimamin rasuwar tsohon da ke kaɗa musu ogan (abin kiɗa mai kama da piyano) a filin wasan besbol, har manyan jaridu suka rubuta tarihinsa, shi ne kake tambaya: tunda makaɗi na da irin wannan daraja a nan, me zai hana ka tattara ka taho karatun kiɗa? Darajar gaskiya ce, ba ƙari aka yi maka ba. Amma ka ji yadda namu na nan Bronx, a birnin New York, ya same ta.

Sunansa Eddie Layton, haifaffen Philadelphia a 1925. A 1967, lokacin kamfanin CBS ne ke da ƙungiyar besbol ta Yankees, shi kuma yana kaɗa wa kamfanin ogan a wasannin kwaikwayo na talabijin, aka ce ya zo filin wasa. Mutumin bai san kan besbol ba ko kaɗan, ba ya ma tuƙi, sai da aka yi masa alkawarin mota za ta riƙa ɗauko shi daga Queens ta mayar da shi. In ka cire 'yan shekarun da ya bar aikin kafin ya dawo a 1978, yana kan kujerar nan har ƙarshen kakar 2003. Ya kuma kaɗa wa Knicks masu ƙwallon kwando da Rangers masu hokin ƙanƙara. Ya rasu ranar 26 ga Disamba, 2004, yana da shekara 79.

Sai ka zauna a filin za ka gane abin da ya sa suke ƙaunarsa. Besbol wasa ne mai jan rai, zagaye tara, a jefa ƙwallo a tsaya, a canza mai jifa a sake tsayawa. Duk waɗannan gibin makaɗi ne ke cike su. Idonsa na kan fili, kunnensa na kan jama'a. In ya ji mutane sun yi sanyi sai ya ɗan taɓa, sautin ya riƙa hawa a hankali har dubban mutane su amsa da ihu ɗaya, da mai jifa ya shirya kuma sai ya ɗauke hannu cak. Ka san yadda mai kalangu ke tayar da ɗan dambe da takensa, ya san lokacin zuga da lokacin yin shiru? To, aikin ke nan. Na ji shi da kunnena daga kujerun can sama masu araha, a tsohon filin da aka rufe a 2008. A tsakiyar zagaye na bakwai kowa ke miƙewa a yi waƙa tare. Wani dattijo kusa da ni ya ɗaga jikansa yana nuna masa tagar da Eddie ke zaune da hularsa irin ta kyaftin ɗin jirgin ruwa da manyan tabarau, kamar yana nuna masa ɗan'uwa. 'Yan wasa sun zo sun tafi, shi yana nan, wasa 81 na gida kowace kaka. Wanda ya ji shi yana yaro ya dawo da 'ya'yansa ya same shi. Shi ya sa rasuwarsa ta taɓa su haka.

Yanzu ka lissafa. Manyan ƙungiyoyin besbol 30 ne kacal, kuma ba duka ke da makaɗi ba, wasu kwamfuta ce ke sakar musu kiɗa. Wanda ya samu kujerar yakan riƙe ta har tsufa. Eddie ma kafin ta zo masa ya daɗe yana kiɗa a otal-otal, ya zaga ƙasashe yana nuna ogan ɗin kamfanin Hammond, ya fitar da fayafayai. Kada ka taho da burin wannan kujera.

Karatun kuwa ina bayanka, domin na ji hannunka, Allah ya ba ka baiwa. Sai dai kunne kawai ba zai shigar da kai makarantar kiɗa a nan ba. Za su gwada ka, yawanci su ajiye maka takardar kiɗa su ce karanta ka kaɗa. Fara koyon wannan tun kana gida. Bizar ɗalibi, F-1, sai makaranta ta ba ka takardar I-20, ka kuma nuna kuɗin da zai riƙe ka. Aikin da aka yarje maka awa 20 ne a mako lokacin karatu, a cikin makaranta. Wannan ne ya fi damuna a kanka: Bronx cike take da mutanenmu na Gana da Nijar da Gambiya, biki da suna ba sa ƙarewa, kuma za a kira ka kiɗa a ba ka kuɗi a hannu. Karɓar irin wannan aiki ba da izini ba na iya lalata maka biza. Dokokin shigowa ma suna yawan canzawa, ka tabbatar daga ofishin jakadanci kafin ka biya kowa ko sisi.

Ka ɗauki bidiyon kiɗa biyu ko uku, hannuwanka na fitowa sosai, ka turo min tare da sakamakon jarrabawarka. Ka kuma zauna da Hajiya ku yi maganar a tsanake, ni ma zan kira ta ranar Juma'a in Allah ya kai mu.

Kawunka.