Likita, Idan Inji Ya Maƙale a Jijiyar Zuciya Fa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina ɗan shekara 70 ne, yana da ciwon suga. An ce jijiyar zuciyarsa ta toshe, toshewar kuma ta yi tauri, sai an goge ta da inji kafin a saka masa raga, wato ɗan bututun waya mai riƙe jijiya a buɗe. Wani ya ce mini injin yakan maƙale a ciki. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Da gaske ne yakan maƙale, amma ba kasafai ba, kuma ina so ki san dalilin da ya sa likitocinsa suka zaɓi injin tun farko.

Tun 1977, da Dakta Andreas Gruentzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurich, hanyar ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta matse-matsi, a hura balan-balan a wurin toshewar. To, a jikin tsofaffi da masu suga da masu ciwon ƙoda, sinadarin kalsiyam yakan taru a bangon jijiya har ya sandare. Nan balan-balan yakan ƙi buɗuwa, ko ya fashe. Ragar da aka saka a jijiyar da ba ta buɗu sosai ba kuwa ita ce babbar matsala, don jini yakan daskare a cikinta daga baya. Wannan ne abin da nake tsoro fiye da injin.

Injin, wanda aka fi sani da Rotablator, kansa bai wuce milimita 1.25 zuwa 2.5 ba, an lulluɓe gabansa da ɓurɓushin lu'ulu'u, yana juyi sau 140,000 zuwa 180,000 a minti ɗaya. Gabansa kaɗai ke gogewa, bayansa sumul yake. Shi ya sa idan aka tura shi da ƙarfi ya ƙetare wurin taurin, dawowa takan gagara. Ƙwararren likita ba ya dannawa; taɓawa yake yi yana janyewa kamar kaza na tsince tsaba, daƙiƙa kamar 15 zuwa 20 ya huta, kunnensa na kan ƙarar injin.

Idan ya maƙale, ba a fizga. Akan zura wata waya ta gefensa a hura ƙaramin balan-balan don wurin ya saki, ko a tura wani bututu ya rungumi kan injin a zaro su tare. In duk ya faskara, sai tiyata. Don haka ki tambaye su kai tsaye: sau nawa suke yin wannan aiki, kuma akwai likitan fiɗar zuciya a kusa? Haƙƙinku ne, kada ki ji nauyi.

Tambaya: Likita, lokacin da ake yi mini aiki raga ta zame daga kan balan-balan. Likitan ya ce ya danne ta a bangon jijiya da wata ragar. Ba za ta motsa ta tafi wani wuri ba?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, ba za ta tafi ko'ina ba. Jijiya mai tauri takan kankare raga daga jikin balan-balan ɗin da ake ɗora ta a kai don a shigar da ita. Da farko akan gwada kamo ta da wata waya mai zarge, in ba ta kamu ba sai a yi abin da aka yi maka, a hankali nama ya rufe su duka. Abin roƙona ɗaya: kada ka daina shan magungunan hana daskarewar jini, wato asfirin da abokin haɗinsa, irin su kulofidogirel, ko na kwana ɗaya, sai da izinin likitan zuciyarka. Idan ciwon ƙirji ya dawo, ka tafi asibiti nan take, komai dare.

Tambaya: Na ji akwai wani balan-balan mai fasa taurin ba tare da gogewa ba.

Amsa: Akwai shi, kamfanin Shockwave ke yi, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don jijiyoyin zuciya a 2021. Girgizar sauti yake fitarwa, irin dabarar fasa tsakuwar ƙoda. Sharaɗinsa dai shi ne ya iya shiga wurin toshewar. Idan ƙofar ta yi ƙunci ƙwarai, dole injin gogewa ya fara buɗe masa hanya.