Ina Son Zama Mai Ba da Shawara: Wace Makaranta Zan Nufa?

Tambaya: Malam, ni malamar sakandare ce a Kafanchan, kuma ina da digiri a fannin ilimi. Ɗalibai mata kan kawo mini damuwarsu, shi ya sa nake son yin digiri na biyu a fannin ba da shawara a jami'ar Kirista. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki fara tantance inda kike son yin aiki, domin hanyoyin biyu ne. Makarantun tauhidi, irin su TCNN da ke Bukuru da JETS da ke Jos, sun fi karkata ga hidimar ikilisiya, alhali mai son aiki a makaranta ko asibiti tana bukatar kwas ɗin da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da shi, ko da jami'ar ta ikilisiya ce kamar Bingham ta ECWA da ke Karu. Ki tabbatar da wannan amincewa kafin ki biya ko sisi, kuma ki tanadi takardar kammala bautar ƙasa.

Abin da na fi so ki bincika shi ne horon aikace: awa nawa za ki zauna da masu damuwa a ƙarƙashin kulawar ƙwararre? Ranar da yarinya ta rufe ƙofar ofishinki, ta sunkuyar da kai, ta ce ta gaji da rayuwa, addu'a tana da muhimmanci, amma dole ki san tambayar da za ki yi mata, da iyakar riƙe sirri, da lokacin miƙa ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Haka kuma ɗalibai Musulmi za su zo wurinki, saboda haka ki tambayi jami'ar yadda take koyar da sauraron wanda addininsa ya bambanta da naki.