Amsar Hajiya kan maganar kai kamfanin jirgi kotu

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari saƙonki tun da rana, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Sannu da hanya, sannu da wahala. Ga waɗanda ba su ji ba, Hajiya da maigida da yara uku ne suka taso daga Marrakesh za su dawo Manchester a jirgin nan mai araha, aka ajiye su awa biyar a filin jirgi, suka sauka ƙarfe biyun dare, jirgin ƙasa ya tashi aiki, sai tasi suka ɗauka. Shi ne take tambaya ko ta kai su kotu.

To Hajiya, ni dai shawarata kada ki fara da kotu. Kina da haƙƙi, wallahi kina da shi, kuma ba ƙarami ba. Amma akwai ƙofa biyu kafin ta alƙali, kuma yawanci a nan kuɗin ke fitowa.

Bari in fara da lissafin, don shi ne mai daɗi. Akwai dokar da ake kira UK261, wadda Birtaniya ta gada daga dokar Tarayyar Turai ta 2004. Idan jirgi ya isa a makare da awa uku ko fiye, kowane fasinja yana da diyya. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba fam 220 ne, daga nan zuwa kilomita 3,500 fam 350, abin da ya haura kuma yana kaiwa fam 520. Marrakesh zuwa Manchester na tsakiya ne. Ku biyar, kowa da kujerarsa, fam 1,750 ke nan. Kuma ba ruwan dokar da nawa kika sayi tikiti, ko fam 30 kika biya. Sharaɗin shi ne, tunda daga Maroko kuka taso, kamfanin ya zama na Birtaniya ko na Tarayyar Turai. Ki duba wannan tukun.

Sannan lokacin isowa ake ƙirgawa, ba lokacin tashi ba. Isowar ma ba sa'ad da taya ta taɓa ƙasa ba, sa'ad da aka buɗe ƙofar jirgi. Ku dai awa biyar ne, babu gardama a nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne dalilin jinkirin. Idan guguwa ce, ko hazo, ko masu kula da sararin sama ne suka shiga yajin aiki, kamfani zai ce abin ya fi ƙarfinsa, kuma doka ta yarda masa. Amma kin ce ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta ce muku wani abu ne ya lalace a jirgin, ana jiran makaniki. Yauwa. Wannan ba uzuri ba ne, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta gama wannan magana tun 2014. A 2024 ma kotun ƙoli ta ce ko matuƙi ne ya kwanta rashin lafiya, sai kamfani ya biya.

Ni abin ya taɓa faruwa da ni, shekara biyu da suka wuce, ni kaɗai. Muna zaune ta tagar gilashi muna kallon jiragen wasu kamfanoni suna tashi ɗaya bayan ɗaya, namu yana tsaye an buɗe masa ciki, wani mai rigar lemo ya shige ƙarƙashinsa da tocila. Aka raba mana takardar abinci wadda ko shayi da burodi ba ta saya. Da na nemi diyya, imel ɗin da suka turo mini cewa ya yi wai rashin kyawun yanayi ne. Allah ya taimake ni na ɗauki hoto a wayata, ga rana tarwai, ga allon da ke nuna sauran jirage sun tashi. Wata huɗu muka yi, amma sun biya, kuma ban taka kotu ba.

Saboda haka ki shiga shafinsu ki cika fom ɗin neman diyya, ki sa lambar jirgi da kwanan wata da sunan kowa. Ki adana katin shiga jirgi, da rasit ɗin abincin da kuka saya, da na tasi. Na tasin ki nema daban, wani lokaci su biya wani lokaci su yi ta ja. In suka miƙo miki baucha ta sayen wani tikitin, kina da ikon cewa a'a, kuɗi kike so.

In sun ƙi, ko suka yi gum har sati takwas, sai ki je wurin masu sasanci da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya, wato CAA, ta amince da su, AviationADR ko CEDR, ya danganta da wanda kamfanin ke ciki. In suka yanke hukunci kika karɓa, dole kamfanin ya bi.

Sai duk wannan ya ci tura, sannan kotun ƙananan ƙararraki. Ki fara aika musu takardar gargaɗi, ki ba su kwana 14. Ba sai da lauya ba, kuɗin shigarwa yana farawa daga fam 35 yana hawa gwargwadon abin da ake nema, in kin ci su mayar miki. A Ingila kina da shekara shida, don haka babu gaggawa. Abin da ba zan ɓoye miki ba, maganar ɓacin rai da kukan yara da barcin da aka rasa, alƙali ba zai ƙara miki ko sisi a kai ba. Wannan kuɗin da doka ta yanka shi ne diyyar wahalar.

Kamfanonin nan masu cewa ki bar musu su karɓo miki, za su iya, amma suna yankar kusan kashi ɗaya cikin uku. A fam 1,750 ki lissafa da kanki.

Mutanenmu na gida kuma, wannan doka ba ta shafi Kano zuwa Abuja ba, can hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ake kai wa kuka.

Hajiya ki turo mini lambar jirgin da ranar ta gefe, in na idar da isha'i in duba ainihin lokacin da ya sauka. A gaida maigida da yara.