An ɗaga mata, an ɗaga baƙar fata, ni kuma ina nan

Tambaya: Barista, ni mace ce baƙar fata, shekarata shida ina aiki a wani kamfani a Amurka. Sau uku ana neman shugaban sashe, sau uku ana tsallake ni. Da na kai kuka, sai jami'in kula da ma'aikata ya ce babu wariya a wurinsu, tunda sun ƙara wa mata girma, sun kuma ƙara wa baƙar fata. Haka ne, sai dai matan duk Turawa ne, baƙaƙen kuma duk maza. Ina da hujjar kai ƙara?

Amsa: 'Yar'uwa, kina da ita. Amsar da ya ba ki ma tsohuwa ce, ta taɓa yin nasara a kotu, daga baya ta fara shan ƙasa.

A 1976 wata kotu a jihar Missouri ta yanke hukunci a ƙarar da wasu mata biyar baƙar fata suka kai kamfanin General Motors. Kamfanin bai ɗauki mace baƙar fata aiki ba kafin 1964, don haka da aka zo rage ma'aikata bisa tsarin wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita, sai gatarin ya faɗa kansu. Alƙali ya ƙi yarda su haɗa ƙorafin biyu. Ya ce ko dai wariyar launi, ko dai ta jinsi. Kamfanin kuwa yana da mata a ofis, yana da baƙar fata a masana'anta, shi ke nan kowace ƙofa suka bi sai su tarar an rufe. Wannan shari'ar na cikin waɗanda farfesar shari'a Kimberlé Crenshaw ta yi nazari a kansu a 1989, inda ta kwatanta lamarin da mutumin da mota ta buge a mahaɗar hanya: ba dole ba ne a iya cewa daga ɓangare ɗaya kaɗai cutar ta zo.

Amma tun 1980 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Jefferies, ta ce ana iya nuna wa mace baƙar fata wariya ko da ba a nuna wa baƙin namiji ko farar mace ba. Kotuna da dama sun bi wannan. Saboda haka ma'aunin da za ki nace a kansa shi ne: mace baƙar fata nawa aka taɓa ɗagawa a kamfanin? In babu ko ɗaya, wannan kaɗai ba zai ci miki shari'a ba, amma zai karya kariyar da suka fake da ita.

Hanya biyu ce gabanki. Ta farko, Babi na 7 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wanda ya hana wariyar launi da ta jinsi a kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Sai kin fara kai koke hukumar EEOC, wato hukumar tarayya mai karɓar koken wariya a wurin aiki, cikin kwana 180 daga ranar da aka tsallake ki, ko 300 a jihohin da ke da tasu hukumar. Kowace tsallakewa da nata lissafin, don haka biyun farko mai yiwuwa lokacinsu ya wuce, sai dai su zama shaida. In hukumar ta ba ki takardar izinin kai ƙara, kwana 90 gare ki. Diyyar ɓacin rai da ta ladabtarwa tana da iyaka, daga dala 50,000 zuwa 300,000 gwargwadon girman kamfani, ban da albashin da kika yi asara.

Ta biyu, Sashe mai lamba 1981 na dokokin tarayya, wanda asalinsa dokar shekarar 1866 ce. Ba sai kin bi ta hukumar ba, kuma diyyarsa ba ta da wannan iyakar. Matsalarsa, launi kaɗai ya sani, bai san jinsi ba. Shi ya sa ni na fi son a shigar da biyun tare.

Wajen cike takardar koken nan ne mutane ke yanka wa kansu. Ki zaɓi launi da jinsi duka, ki kuma rubuta ƙarara cewa an tsallake ki ne a matsayinki na mace baƙar fata. Abin da ba ki ambata a can ba, kotu na iya ƙin saurarensa gobe.

Kafin nan, kada ki ajiye aiki cikin fushi, kada kuma ki sa hannu a takardar sulhu ko ta sallama sai lauya ya duba. Ki rubuta ranakun, da sunayen waɗanda aka ɗaga, da cancantarsu idan an gwada da taki. Amsar nan ta jami'in, ki tura masa imel ki maimaita abin da ya faɗa, don ta zama a rubuce. Doka ta hana su rama miki gayya saboda kin yi ƙorafi. Yau ɗin nan ki ƙirga kwanakin da suka wuce daga tsallakewa ta uku.