Me Zan Rubuta a Allon Shagon Kayan Wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan buɗe shago a Zariya kafin ƙaramar Sallah, in riƙa sayar da 'yar tsana, motoci, balan-balan da bindigogin roba. Mai rubutun allo ya ce Hausa ba ta da sunan irin wannan shago, sai dai a sa Turanci. Ina tsoron in kashe kuɗi a allo a zo ana yi min dariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka. Mai allon nan bai tambaya ba ne. Ki rubuta "Shagon Kayan Wasan Yara". Kada ki yar da "yara", don "kayan wasa" kaɗai zai iya kawo miki mai neman ƙwallo da takalmin buga ta, waɗanda aka fi kira kayan wasanni. In guda ɗaya ne, abin wasa ne. Idan wurin da girma, ki ce kanti. Da can ba a keɓe musu shago, yaro shi ke haɗa motarsa ta kara ko ta langa-langa, usur kuma a saya wajen 'yan koli.

Abin da ya fi damuna bindigogin nan ne. Kullum ina jin 'yan kasuwa suna cewa "ai kayan wasa ne", kamar kalmar wasa tana cire wa abu illa. Ba ta cirewa. Bindiga mai harba 'yan ƙwayoyin roba tana fasa ido, kuma da Sallah yara a fuska suke auna juna. Ga motoci masu fitila da kiɗa, da yawansu ɗan batir ne a ciki mai faɗin maɓallin riga. Yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa 2 zai iya ƙona masa maƙogwaro. Masu cewa a ba shi manja ko madara a zauna a gani, ganganci suke yi da ran ɗan mutane. Asibiti ake nufa nan take.

Ki duba kwalin kowane kaya. In kin ga jan da'ira da fuskar jariri da 0-3 an ja layi a kai, ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne, ki faɗa wa uwar da bakinki ko da za ta fasa saye. Murfin batirin da ba a ɗaure da noti ba, ki mayar wa dila. Bindigar roba mai harba ƙwayoyi kuwa, don Allah Hajiya, kada ta shiga shagonki.