Ba a sabunta manhaja a daren miƙa aiki

Kana tambayata wai ko ka sabunta duk kayan aikin da kake amfani da su a Python, harshen rubuta manhaja, a tashi ɗaya, tunda an ce sababbi sun fito. Jawo kujera, yaro.

A Disambar 2019 na gama wa wani kamfanin ba da rance aiki, lissafin da zai nuna manomin da zai iya biyan bashi da wanda ba zai iya ba. Wata uku ina fama da shi. Na kai rahoto, manaja ya yaba, ya ce ran Litinin in zo in ɗora musu in karɓi cikon kuɗina. Daren Lahadi ga wuta ga data, sai na ce bari in kai musu komai sabo fil. Scikit-learn, kayan Python ɗin da na gina lissafin da shi, ya tashi daga siga 0.21 zuwa 0.22, na sake horar da lissafin, ko jan rubutu ɗaya mai nuna kuskure bai fito a allo ba. Na kwanta barcina.

Ashe a 0.22 sun canza hanyar da LogisticRegression, ɓangaren da ke yanke wa lissafina hukunci, ke bi idan ba ka zaɓa masa ba, daga liblinear zuwa lbfgs. Manoman da ke kan iyakar a ba su ko a hana su suka juye. Manajan nan ya ajiye takardata kusa da allo, ya ɗora yatsa a kan suna ɗaya, ya ce, "Malam, makon jiya ka ce a ba wannan, yau kuma a hana shi?" Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya ce alƙaluma na ƙirƙiro, ba zai biya ba. Bayan wata shida na samu labarin da aikina suke raba rance. Har yau ko sisi ban gani ba, kuma ban yafe ba.

Tun 0.20 suke gargaɗin wannan canjin, ni ne na rufe bakin gargaɗin don yana cika min allo. Wannan ke ci min rai har gobe.

Sabuntawar da ke ihu ba ta ba ni tsoro. Dubi wasu kayan Python biyu: Pandas 2.0 ta cire umarnin append a 2023, NumPy 2.0 ya karya kayan da aka gina a kan na da a 2024, duk nan take za ka gani ka gyara. Mai shiru ce ke kashe kasuwa.

Yadda ake ware wa kowane aiki ɗakinsa da venv ko conda ba zan koya maka ba, wanda bai san wannan ba ya koma gida. Ku yaran yanzu sai kwafo umarni daga YouTube ku manna, bayanin canje-canje kuwa ba mai buɗewa. Kulle lambar kowace siga da == a requirements.txt, fayil ɗin da ke jera kayan da aikinka ke buƙata. In za ka sabunta, yi a kwafi, ɗaya bayan ɗaya, ka zuba tsofaffin bayanai ka gwada sabon sakamako da na da, layi-layi. Gobe da safe ka zo min da fayil ɗin nan in gani kafin ka taɓa komai.