TAMBAYA DA AMSA: Fim ɗin Ran ya ci riba kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina sana'ar tura finafinai a waya a nan Agege. Wani kwastoma ya sa na nemo masa Ran, fim ɗin Japan na tarihi, na zauna na kalla har na manta da shago. Amma ya ce wai a ƙasarsu bai yi wani kasuwa ba, to ya za a yi fim haka ya ƙi kawo kuɗi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwastomanka bai yi ƙarya ba amma da sauran bayani. Ran ya fito a 1985, Akira Kurosawa ne ya ba da umarni yana da shekara 75, kuma a lokacin babu fim ɗin Japan da aka taɓa kashe wa kuɗi kamarsa, wajen dala miliyan 11 zuwa 12, sai da wani furodusa daga Faransa, Serge Silberman, ya sa hannu kafin aiki ya tashi. Mutane sun shiga silima sun kalla fa, matsalar dai jarin ne ya yi nauyi, abin da aka samu a Japan da kyar ya rufe abin da aka kashe.

Kuma kai da ka kalla ai ka ga inda kuɗin suka tafi. Gidan sarautar nan da ya ci wuta ba dabarar kwamfuta ba ce, gina shi aka yi a gindin dutsen Fuji aka cinna masa wuta, tsoho Hidetora, sarkin da labarin ke kansa, ya sauko daga matakala ido a zazzare, hayaƙi na bin bayansa. Wallahi duk sanda na zo wajen nan sai tsigar jikina ta tashi. Ga dawakai, ga sojoji sama da dubu, kowa da kayan da aka ɗinka masa.

Masu sharhi kam sun yaba sosai, musamman a Amurka da Turai. Japan ba ta ma tura shi gasar Oscar a matsayin fim ɗinta ba, duk da haka ya shiga takara a rukuni 4, har da na darakta, Emi Wada ta ci na tsara sutura.

Ni shawarata, in za ka tallata wa mutanenmu na Agege da Idi-Araba kar ka ce fim ɗin faɗa ne, za su ga ya yi tsawo, ya haura awa biyu da rabi. Ce musu labarin uba ne da ya raba wa 'ya'yansa uku mulki tun yana raye, ya kori autan da ya faɗa masa gaskiya.